Masassara da shiɗewar yara: abin da masu bincike suka gano

Duk macen da ta daɗe a kasuwa ta taɓa ganin haka: yaro na goye, jikinsa ya yi zafi rau, sai ya sandare, idanu su kakkafe, ya shiga jijjiga. Kafin uwa ta kwance zane, an taru, kowa da maganin da zai faɗa.

Wannan shiɗewa ta masassara tana samun yara daga wata 6 zuwa shekara 5, kamar 2 zuwa 5 cikin 100. Galibi ba ta wuce minti 5, kuma ba farfaɗiya ba ce.

Me ke kawo ta? Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, jiki yakan saki wasu sinadarai don yaƙi da ita. Ɗaya daga cikinsu, interleukin-1, shi ke ɗaga zafi, kuma gwaji kan dabbobi ya nuna yana zaburar da ƙwaƙwalwa. Bincike a ƙasashe da dama ya tarar da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jinin yara da yawa masu shiɗewa. Hanta, nama, wake da zogale suna ƙara shi.

Akwai kuma abin da ke kan teburinmu: kafur. A 2009 likitoci a birnin New York na Amurka sun ba da labarin yara 3 da kafur ya sa su jijjiga. Saboda haka kada a shafa wa jariri man da ke da kafur, kada a jiƙa masa ya sha. Asfirin ma ba na yaro mai masassara ba ne. Farasitamol yana sauƙaƙa zafi, amma ba a dogara da shi don hana shiɗewa.

To, in abin ya faru fa? A kwantar da yaro a gefe guda, a sassauta masa tufa. Kada a cusa cokali a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a gasa masa ƙafa.

Sannan a kai shi likita nan take, ko da ya farfaɗo. A ƙasarmu, masassarar cizon sauro da ta hau ƙwaƙwalwa da sanƙarau suna fara kama yaro da irin wannan jijjiga, kuma gwaji kaɗai ke rarrabe su. Ƴan uwa mata, a bar wa maƙwabciya tsaron rumfa. Cinikin yini ɗaya ana mai da shi gobe.