Barikin Chindit: Sunan da Muke Wucewa Kullum Ba Mu San Labarinsa Ba

'Yar'uwa, sau nawa kika hau keke daga Samaru ko Bomo, kika bi ta Kwangila zuwa Sabon Gari, kika ji an ambaci Depot ko Barikin Chindit? Yanzu da ɗanki zai juyo ya ce, "Umma, mene ne Chindit?" me za ki ce masa?

Ni dai an yi mini wannan tambayar, kuma na yi shiru. Abin da ya ƙara sa ni bincike shi ne wata tsohuwa da na yi jinya a wurin aiki. Wani dare barci ya ƙi zuwar mata, sai ta shiga ba ni labarin mahaifinta da ya je Yaƙin Bama. Ta ce har ya rasu ba ya son ƙarar aradu, kuma yakan farka cikin dare yana kiran sunayen mutanen da babu wanda ya san su a gidan. Na tambaye ta ko jikokinta sun san wannan labari. Ta ce babu wanda ya taɓa tambayarta.

A Faransa, iyaye kan ɗauki yaransu zuwa bakin tekun Normandy, inda sojojin ƙawance suka sauka ranar 6 ga Yuni, 1944, su nuna musu kaburbura da allunan sunaye. Mu ba mu da bakin teku a Zazzau. Amma muna da namu abin tunawa da wannan yaƙi na Hitila, kuma yana rubuce a jikin barikin da muke wucewa.

Ga asalin sunan. A Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta ƙwace ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, daga hannun Ingila. Turawa suka kwashi dubban samari daga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, suka kafa runduna ta 81 da ta 82. A 1943 aka fara ɗibar su a jiragen ruwa zuwa Indiya. Da yawa daga cikin 'yan Najeriyar mutanen Arewa ne, kuma Hausa ce harshen da sojojin suka fi amfani da shi a tsakaninsu. Ki auna yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na rafin garinsu ba, ga shi makonni a kan teku.

Wani janar ɗin Ingila, Orde Wingate, ya kafa runduna ta musamman wadda ake saukewa a cikin daji, a bayan sansanonin Japan, don ta datse musu hanyoyin abinci da makamai. Ita ce Chindit. An samo sunan daga "chinthe", gunkin zaki da ake kafawa a ƙofar wuraren ibada a Bama. A 1944 bataliya uku ta sojojin Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, suna cikinta. Jiragen sama ne suka sauke su a tsakiyar daji, kuma suna cikin waɗanda suka tsare wani sansani da aka yi wa laƙabi da White City, saboda fararen lemomin sauke kaya da suka maƙale a bishiyoyinsa. Shi kansa Wingate ya mutu a haɗarin jirgin sama a watan Maris na shekarar.

Sauran kuwa sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, inda babu hanyar mota, sai dai a ɗauki kaya a ka. A Janairun 1945 suka ci garin Myohaung. Shi ya sa za ki ji Barikin Myohaung da Barikin Arakan a Legas, da Barikin Dalet a Kaduna. Duk sunayen wurare ne a Bama.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, abin da ya fi taɓa ni shi ne cuta: zazzaɓin cizon sauro da atini da gyambon da ba ya warkewa a damina sun kwantar da sojoji masu yawa. Akwai wani ɗan Najeriya, Isaac Fadoyebo, mai taimaka wa likitocin soja, da aka harbe shi a bakin kogin Kaladan a 1944. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da abokinsa ɗan Saliyo na tsawon watanni, yana ciyar da su, alhali ya san idan sojojin Japan suka gane, ransa ne a bakinsa. Ɗan jarida Barnaby Phillips ya rubuta labarin a littafinsa na 2014. Waɗanda ba su dawo ba kuwa, sunayen wasunsu na nan a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, cikin sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba.

To me uwa za ta yi da wannan? Bariki ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Kada ki tsaya ɗaukar hoto a bakin ƙofa, kada kuma ki bar yara su yi. Ya isa ki nuna musu sa'ad da kuke wucewa, ki faɗa musu ma'anar sunan a jimla biyu. Idan kina da ɗan'uwa da zai yi faretin gama horo a Depot, wadda ke horar da kuratan soja a Zariya tun 1924, tafi da yaran. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ki ba su labarin bayan sallar isha'i maimakon a ƙura wa waya ido.

Babban aikin dai a cikin gida yake. Waɗanda suka je yaƙin kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura 'ya'yansu, su ma sun haura saba'in. Ki je wurin Kaka ko Gwaggo ki tambaya: akwai wanda ya je Bama a zuriyarmu? Ki kunna rikoda ta wayar da ke hannunki, ki bar ta ta yi magana, kada ki katse ta. Ki nemi cikakken sunansa, garinsu, shekarar da ya dawo, da sana'ar da ya kama. Idan akwai lambar yabo ko takardar sallama a ƙasan adaka, ki ɗauki hotonta, ki sa ta a leda kafin gara ta riga ki.

Kada ki ji nauyin cewa yaƙin Turawa ne, ba namu ba. Gaskiya ne, ba su suka haddasa shi ba, wasu ma ba da son ransu suka tafi ba. Amma jinin da ya zuba namu ne, kuma iyaye mata irinmu ne suka yi shekaru suna jiran labari.

Tsohuwar da na ba ki labarinta an sallame ta, ban sake ganinta ba, kuma ban rubuta sunan mahaifinta ba. Har yau abin yana damuna. Ke kada ki yi irin sakacina. Idan akwai wanda ya je Bama a gidanku, ki ba mu labarinsa a wurin sharhi a ƙasa. Allah Ya jiƙan magabata.