Mene ne dannau, kuma ina bayanin kimiyya ya tsaya?

Dannau yanayi ne da mutum kan farka cikin dare ya kasa motsi ko magana, yana jin nauyi a ƙirji, wani lokaci har ya ga wata halitta tsaye a kansa.

Likitocin barci sun ce lamarin na faruwa ne a matakin barcin mafarki, wanda masana a Jami'ar Chicago suka gano a 1953. A lokacin ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓi don kada mai barci ya aikata abin da yake mafarki. Idan hankali ya riga jiki farkawa, sai dannau ya auku.

Wani nazari na 2011 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa fuskantarsa, ɗalibai kuwa kashi 28. Ƙarancin barci da kwanciya rigingine na ƙara jawo shi.

A Masar, kamar a ƙasar Hausa, da yawa na danganta shi da aljanu. Na'ura na auna aikin ƙwaƙwalwa da na tsoka, amma ba ta da ma'aunin tabbatar da aljani ko kore shi. Shi ya sa wasu kan haɗa addu'ar kwanciya da shawarar likita.