Kumburarren batiri a motar lantarki ƙirar gida: Yadda za a kauce wa gobara

Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, matasa masu fasaha a Najeriya sun ƙara karkata ga mayar da Keke Napep da babura da ƙananan motoci masu aiki da lantarki. Wasu suna haɗa batirin da kansu, ko dai da sababbin ƙwayoyin litiyam, ko da waɗanda aka ciro daga tsofaffin kwamfutoci. Sai dai akwai alamar da bai kamata mai wannan aiki ya yi wasa da ita ba, wato kumburin ƙwayar batiri.

Kowace ƙwaya tana da iyakar wutar da za ta ɗauka. Irin wadda aka fi sani ba a wuce bolt 4.2 wajen cajinta, mai sinadarin ƙarfe da fosfet kuwa iyakarta bolt 3.65. Da an zarce haka, ruwan sinadarin da ke cikinta ya fara lalacewa yana fitar da iska, ita ce ke kumbura ta. Haka kuma ƙarfen litiyam kan taru ya yi tsinin da zai iya huda siririn shingen da ya raba ɓangarorin ƙwayar biyu. Idan suka haɗu sai zafi ya yi ta ƙaruwa har wuta ta tashi, ta kama ƙwayoyin da ke kusa ɗaya bayan ɗaya.

Galibi matsalar takan faro ne daga cajar da ba ta dace ba, ko rashin na'urar da ke sa ido kan kowace ƙwaya, wadda ma'aikata ke kira BMS. A jerin da aka cakuɗa tsohuwa da sabuwa, mai raunin takan riga sauran cika, ta ci gaba da shan wuta.

Duk wanda ya ga kumburi, abu na farko shi ne ya cire caja, ya kashe motar, ya tura ta waje nesa da ɗakin kwana da fetur da tukunyar gas. Idan ƙwayar na da zafi, ko tana wari, ko tana huci, kada a taɓa ta, a ja da baya. Sai ta huce sarai sannan ƙwararre ya cire ta, da safar hannu da tabarau, da sifana mai rufin roba, bayan ya tuɓe zobe da agogo.

Kada a huda ta don iskar ta fita, kada a danne ta don ta koma daidai, kada kuma a sake yi mata caji. Ƙwayar da ta kumbura ta gama aiki. A liƙe bakinta biyu da salatif na wuta, a sa ta cikin bokitin ƙarfe mai busasshen yashi, a ajiye a inuwa ba tare da toshe murfin gam ba. Ba a jefa ta a bola inda ake ƙona shara, ba a kuma sayar wa 'yan gwangwan masu farfasa kaya. A miƙa ta ga masu karɓar sharar kayan lantarki.

Idan wuta ta riga ta tashi, a kwashe mutane a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112. Hayaƙin na ɗauke da guba, kuma wutar kan sake tashi sa'o'i bayan an ɗauka ta mutu. Ruwa mai yawa ne ke sanyaya ta.

Kafin motar ta koma titi, wajibi ne a auna sauran ƙwayoyin, a gano abin da ya jawo cajin ya zarce ƙima, a sa BMS mai inganci. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin wannan na'ura bai kai na gyaran gidan da ya ƙone ba, balle ran da ke kwance a ciki.