Daga Gogen Garwa Zuwa Jitar Misisipi

[Kiɗan buɗe shiri: goge shi kaɗai. A sassauta shi bayan 'yan daƙiƙoƙi.]

 Barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na musamman daga nan Maruwa. Gaisuwa ga mutanen Domayo da Kakatare da Dugoi, da na Garwa a bakin Binuwai, da na Ngaundare, da Mora, da Kusiri, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka a Mubi da Yola.

Yau shirin namu na mawaƙa ne, amma wani irin mawaƙi na daban: wanda yake tsara waƙarsa da kansa, ya kaɗa abin kiɗansa da hannunsa, ya faɗi abin da ke cin ransa. A Amurka, irin waɗannan mutane su ne suka haifi kiɗan blues da na soul. Abin da zan nuna muku yau shi ne, wannan kiɗa da duniya take girmamawa yana da dangi na jini a nan arewacin Kamaru, kuma mu ne muka fi kowa sakaci da dangin nan.

[A ɗaga kiɗan goge, sannan a sassauta.]

A shekarar 1964, wani matashi ɗan ƙasar Ostiriya mai binciken kaɗe-kaɗe, Gerhard Kubik, yana yawo a Kamaru da na'urar ɗaukar murya. A garin Yoko, kan hanyar Tibati, ya gamu da wani makaɗi Bahaushe mai suna Adamu Mai Goge Garwa. Ya roƙe shi ya yi wasa, ya ɗauki muryarsa.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ya san abin da Baturen nan ya gani. Rabin ƙwarya ce, an rufe bakinta da fatar guza, an huda 'yar kafa a gefe don sauti ya fito. Tsirkiyar tsagiya ce, gashin wutsiyar doki. Kafin a fara, sai makaɗi ya goga ƙaro a jikin tsagiyar don ta kama. Yatsunsa ba sa danne tsirkiya a kan itace irin na mai jita. Taɓa ta kawai suke yi daga gefe, suna zamewa sama da ƙasa. Shi ya sa goge ba ya tsalle daga sauti zuwa sauti. Lanƙwasa yake yi, yana kuka, yana amsa wa mawaƙi kamar mutum na biyu. Mawaƙi ya jefa magana, goge ya mayar masa.

Kubik ya shekara talatin da biyar kafin ya fitar da littafinsa mai suna Africa and the Blues, a 1999. A ciki ya jera gogen Adamu kusa da wani faifai da Big Joe Williams, mutumin jihar Misisipi, ya yi a birnin Shikago a 1935, inda wani makaɗi yake raka shi da goge mai tsirkiya ɗaya tak. Mutanen nan biyu ba su san juna ba, teku ce tsakaninsu, amma jan muryarsu da yadda tsirkiya take bin murya sun yi kama ƙwarai. Haka kuma ya kwatanta waƙar niƙa ta wata mata 'yar ƙabilar Tikar, wadda ya ɗauka a wannan shekara ta 1964, da waƙar wata mawaƙiya da ake kira Mississippi Matilda, ta 1936.

To, me ya kawo wannan kama? Masu sauraro, a nan sai mu yi hattara, kada zumuɗi ya kwashe mu. Ba a Garwa aka haifi blues ba, ba kuma a Maruwa ba. A kudancin ƙasar Amurka aka haife shi, wajen ƙarshen ƙarni na 19, a bakin jikokin bayi masu noman auduga, cikin wahalar da su kaɗai suka san zafinta. Haƙƙinsu ne, ba mai ƙwace musu. Amma kakanninsu ba su tsallaka teku da kai wayam ba. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, hukumomin Karolina ta Kudu suka kafa doka a 1740 da ta hana bayi mallakar ganguna, don tsoron kada su riƙa kiran juna da su. Da ganga ta yi wuya, sai abin da ya saura ya yi ƙarfi: murya ɗaya da tsirkiya. Wannan kuwa shi ne gadon mutanen yankinmu na Sudan, daga Mali har tafkin Cadi: mawaƙi guda, da goge ko molo ko garaya, da ma'aunin sauti mai hawa biyar, da jan gaɓa ɗaya a lanƙwasa ta irin yadda ladan yake yi. Har cikin ƙarni na 20, yaran talakawa a Misisipi sukan kafa ƙusa biyu a bangon katako, su ɗaura waya, su riƙa zame kwalba a kanta suna kaɗawa. Tsirkiya ɗaya ce ita ma.

[Kiɗa: tsohon faifan blues, jita da murya.]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, shirin musamman ne daga Maruwa, a kan mawaƙan blues da soul da danginsu na gida.

Kiɗan da ya tafi a cikin jirgin bayi ya dawo mana a cikin akwatin rediyo. Daga blues da waƙoƙin coci na baƙar fata aka sami soul, kiɗan su Otis Redding da Aretha Franklin da James Brown. Lokacin da James Brown ya zo Legas a 1970, samarin Afirka sun riga sun haddace takunsa. A 1972 Manu Dibango, ɗan Duwala, ya fitar da Soul Makossa, a bayan faifan da aka yi don gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka da Kamaru ta karɓi baƙuncinta. Shekara na zagayowa waƙar ta shiga jerin waɗanda aka fi saye a Amurka. Kudancin Kamaru ya sami wakili. Arewa fa?

Amsar arewa ta fito daga Garwa. Sunansa Amadu Baba Ali, duniya ta san shi da Ali Baba, an haife shi a 1956. Da rawa ya fara suna. Ya yi aiki a ƙungiyar raye-raye ta ƙasa a farkon shekarun 1980, sannan ya wuce Faris, inda ya fitar da faifansa Condition Féminine a 1985. Ku dubi sunan faifan nan: saurayi ɗan arewa, a wancan zamani, ya sa halin da mata suke ciki a goshin aikinsa. Salon nasa kuwa ya raɗa masa suna soul ganjal. Ya ɗauko ganjal, kiɗa da rawar arewacin Kamaru, ya aura masa jita mai lantarki da kayan busa na Turawa, ya rera da harsunan gida. Waɗanda suka gan shi a talabijin a shekarun nan ba su manta ba: mutum ne da ƙafarsa take waƙa kafin bakinsa ya buɗe.

A 1993 ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ku yi tunani, jama'a, ɗan rawa ne, jikinsa shi ne jarinsa. Da yawa sun ɗauka an gama. Ali Baba ya dawo gida, ya yi ta fama har ya sake miƙewa, ya sake hawa dandali. Kuma bai tsaya kan kansa ba: ya kafa kamfani da sunan salon nasa don ya tallafa wa mawaƙan arewa masu tasowa, saboda ya san tsawon hanyar da ke tsakanin Garwa da ɗakunan ɗaukar waƙa na Duwala da Yawunde. Ya rasu a Yawunde a 2004, bai cika shekara hamsin ba. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta.

[Kiɗa: waƙar Ali Baba.]

Hanyar da ya share ba ta toshe ba. Daga Garwa ɗin dai Isnebo da ƙungiyarsa ta Faadah Kawtal suka fito, suka kai waƙar Fulatanci har kunnen mutanen kudu waɗanda ba sa jin ko kalma ɗaya a cikinta. A nan Diyamare kuwa muna da mbooku, waƙar dattawan Fulani da ake yi da murya zalla, babu ganga babu molo, ana ba da labarin yaƙi da yunwa da sauyin zamani. Wani Bajamushe, Veit Erlmann, ya zauna a nan ya ɗauki muryoyinsu, ya buga littafi a kansu a 1979. A tsallaken iyaka kuma akwai Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, yana yi wa talaka waƙa.

Don mu ga inda irin wannan gado zai iya kai mutum, mu dubi Ali Farka Ture na Mali. Shi ma da goge mai tsirkiya ɗaya ya taso, irin na ƙasarsu, kafin ya kama jita. Turawa suka yi ta kwatanta shi da John Lee Hooker na Amurka, shi kuwa ya tsaya kai da fata cewa kiɗan gidansu yake yi. Faifansa Talking Timbuktu na 1994, wanda ya yi da Ry Cooder, ya ci lambar Grammy. Da kuɗi suka zo, gona ya koma a Niyafunke. A 2004 aka zaɓe shi magajin garin, ya sa dukiyarsa wajen gyaran hanya da samar da wutar lantarki. Ya rasu a watan Maris na 2006, amma faya-fayansa suna nan a tsare, ana sake buga su, jikokinsa za su ji muryarsa tangaram.

Nan ne zuciyata take sosuwa. Muryar Adamu Mai Goge ta tsira ne domin wani baƙo ya ɗauke ta, aka adana aikinsa a taskar muryoyi ta birnin Biyana, wadda aka kafa tun 1899. Masu goge nawa ne irinsa suka yi zamani a Garwa da Maruwa, suka tafi da waƙoƙinsu kabari? Kaset nawa na mawaƙanmu zafin bazara ya narkar a cikin akwati, ko gara ta cinye kwalinsu? Muna rawa da kiɗan mutum ranar biki, gari na wayewa mu kira shi maroƙi, mu hana shi auren 'yarmu. In ya kwanta ciwo, sai mu ce ai ya ci zamaninsa.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Baba, in kana da tsohon kaset a ɗaki, ka ba yaron gidanka ya kai inda za a juye shi a kwamfuta tun bai lalace ba. Inna, waƙar niƙa da ta daka da kika gada wurin kakarki, ki rera wa jikarki ta ɗauka a wayarta. Injin niƙa ya kusa shafe ta. Ɗalibanmu na Jami'ar Maruwa, wadda aka kafa a 2008, ga aikin bincike a ƙofar gidanku: ku zauna gaban dattawan da suka rage, ku rubuta sunan kowane mawaƙi, da garinsu, da wanda ya koya masa. Masu hannu da shuni, a cikin abin da kuke liƙi da shi a dare ɗaya akwai kuɗin da zai biya wa tsohon makaɗi magani. Ku kuma samari masu haɗa kiɗa a kwamfuta, ku ji na waje son ranku, amma ku nemi mai goge na unguwarku ku sa shi a faifanku, ku rubuta sunansa, ku biya shi haƙƙinsa. Abin da Ali Baba ya yi ke nan, shi ya sa har yau ake kiran sunansa.

A nan za mu dasa aya. Duk mai tsohon kaset ko labarin wani mawaƙi na garinsu, ƙofar wannan gidan rediyo a buɗe take, ya kawo mu sa wa jama'a su ji. A madadin waɗanda suka haɗa sauti da duk abokan aiki, nake cewa Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya. Ku huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri.]