Injin Ƙafa Ko Na Lantarki: Da Wanne Mai Ƙaramin Jari Zai Fara?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar kafinta ya ga an ɗaura guntun katako mai kusurwa huɗu a kan inji yana juyawa, kafin a jima sai ga ƙafar kujera mai wuya da ƙugu ta fito, ya san sana'ar nan tana da shiga rai. Ranar da mutum ya ƙirga abin da ke aljihunsa ne sha'awar take raguwa. Mai ƙaramin jari ko dai ya sayi ɗan injin lantarki, ko kuma ya haɗa na ƙafa da hannunsa.

Ɗan injin lantarkin da ake ɗorawa a kan benci yawanci ƙarfinsa rabin doki ne, wato wajen wat 370, kuma yana juyi daga kusan 500 zuwa sama da 3,000 a minti ɗaya. Ba ya gajiya, kuma busasshen katako ba ya ba shi tsoro. Sai dai kuɗin da mai shago ya faɗa maka somin-taɓi ne. Akwai kamun da ke riƙe katako in za ka yi akushi, wanda kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Akwai cizal, da injin wasa su, da garkuwar fuska, sannan ga fetur duk ranar da aka ɗauke wuta. Abin da ya fi ba sabon shiga haushi shi ne tsawo: yawancinsu inci 16 zuwa 18 suke ɗauka, alhali ƙafar teburin cin abinci takan kai inci 28. Ka saya don tebur, ka ƙare da yin mariƙin guduma.

Masu arhar cikinsu kuma ba su da nauyi. Na taɓa ɗaura wani karkataccen guntun mangwaro a kan irinsu, ban duba a kan wane gudu aka bar bel ɗin ba. Ina kunnawa injin ya fara rawa yana tafiya a kan benci, kafin in kai hannu katakon ya tsinke ya bugi kwanon rumfa. Tun daga ranar ba na kunna inji ina tsaye daidai saitin katako.

Na ƙafa kuwa, katakai biyu ne dogaye a jere, da ginshiƙai biyu masu ɗauke da ƙarafa masu tsini da ke riƙe aikin. Igiya ce ake naɗawa a jikin katakon, bakinta ɗaya a ɗaure da matakin ƙafa, ɗayan a jikin doguwar sanda mai lanƙwasa, ko robar tsohon tif ɗin taya in wurin ba fili. Ka taka, katakon ya juyo wajenka ka yanka. Ka saki, ya koma, ka ɗan janye cizal. Kada a ɗauka wasan yara ne. Da irinsa masu sana'a a dazuzzukan Chiltern, kusa da High Wycombe a Ingila, suka riƙa fitar da ƙafafun kujeru har tsakiyar ƙarni na 20. Wani masassaƙi mai suna George Lailey, wanda ya rasu a 1958, da shi ya yi ta yin akusa, kuma injinsa yana ajiye a wani gidan tarihi a Reading. A kasuwar Marrakesh ta Maroko har gobe ana juya katako da ɗan baka a hannu, ana tokare cizal da yatsun ƙafa.

Abin da ya fi jan hankalina ga injin ƙafa ba arhar ba ce kawai. Injin lantarki yana rufa wa dakusasshen ƙarfe asiri, domin ƙarfin moto zai tura shi ya kankare katakon ko ta halin ƙaƙa, sai mutum ya bi da samfefa yana ganin ya iya. Na ƙafa ba ya yi maka wannan karar. Da zarar kaifi ya tafi, cinyarka ce za ta fara faɗa maka. Dole ka koyi wasa ƙarfe a kan dutse, ka kuma gane yadda ake kwantar da bakin cizal har sassaƙe ya riƙa fitowa dogo kamar zare. Tun da gudun ba yawa, ƙarfen ba ya zafi, don haka cizal ɗin da maƙeri ya ƙera daga tsohon sifirin mota zai yi aiki. In kuma cizal ya cije, ƙafarka ce kawai za ta tsaya.

Aibinsa a fili yake: ɗanyen itace yake so. Reshen darbejiya ko mangwaron da aka sare jiya zai yanku kamar rogo, amma busasshen maɗaci daga 'yan katako zai sa ka tuba. Ɗanyen kuma in ya bushe yakan motse, zagayensa ya ɗan baje, da hunturu ma har ya tsage in ba a lulluɓe shi ba. Mai gadon da ke son ƙafafu takwas iri ɗaya kafin Juma'a ba zai jira ka ba.

Wanda ke da masu saye a hannu, kuma unguwarsu na samun wuta, ya nemi na lantarki, ko da na hannu ne, in dai na ƙarfen zubi ne mai nauyi. Mai koyo tsantsa kuwa, ni dai zan ce ya haɗa na ƙafa, ya zuba kuɗin a cizal uku masu kyau da dutsen wasawa: mai faɗin kwarmi na fitar da zagaye, siriri na yin ado, da na yankewa. Ranar da ya tashi sayen na lantarki, ya matso da tsinin baya har ya sadu da na gaba ya ga ko sun yi daidai, sannan ya juya sandar injin da hannu ya saurari boris.