Na'urar da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa: za ta samo wa Moshi Zango ruwa?

Duk wanda ya yi rani a Tamale ya san galan ɗin Kufuor, rawayar jarkar nan da mata da yara ke yawo da ita tun asuba. Ruwan famfonmu daga kogin White Volta ake janyo shi a Nawuni, a tace a Dalun, amma gari ya girma ya fi ƙarfinsa. Sai ka ji ana cewa, to a haƙa burtsatse mana!

Nan ake yin ta. Dutsen da Tamale ke zaune a kai, wanda masana ke kira Voltaian, yawancinsa laka ce da ta daskare. Ba ya riƙe ruwa sai inda ya tsage. Na ga unguwa ta yi karo-karo, an kawo mota an haƙa, ƙura kawai ta fito. Wani wurin kuma a samu ruwan, ya zo da gishiri.

Shi ya sa labarin wata na'ura daga Ingila ya ja hankalina. A Fabrairun 2022, masana na Jami'ar Birmingham suka sanar cewa sun gano wani rami da ke binne kimanin mita ɗaya a ƙarƙashin titi, ba tare da sun sari ƙasa ba. Na'urar tana sanyaya ƙwayoyin zarra na sinadarin rubidiyam da hasken leza har kusan digiri 273 ƙasa da sifiri, sannan ta sake su su faɗo, ta auna faɗuwar. Inda akwai kogo a ƙasa, ƙarfin da ke janyo abu ƙasa yakan ragu kaɗan, kaɗan ƙwarai, na'urar kuwa tana ji. Dabarar da ta fi burge ni: gungu biyu ake saki, ɗaya sama ɗaya ƙasa, don haka girgizar mota takan taɓa su tare, a cire ta daga lissafi. A 2020 ma an girka irinta, ƙirar Faransa, a dutsen Etna na Italiya mai aman wuta.

To amma kada mu yi saurin guɗa. Kogo abu ne babba, tsagar da ke ɗauke da ruwanmu kuwa siririya ce, can cikin zurfi, bambancin nauyinta bai taka kara ya karya ba. A ganina amfaninta a nan shi ne sa ido: nawa damina ta zuba a ƙasa, nawa muka zuƙe kafin Maris. Ga tsada, ga buƙatar ƙwararru.

A yanzu dai masu binciken ruwa a arewacin Ghana sanduna suke kafawa, su tura lantarki cikin ƙasa su karanta. Idan kwamitin masallacinku na shirin haƙa, ku nemi a yi wannan awon tukuna, a ba ku sakamakon a rubuce, kuma a faɗi wanda zai ɗauki asara idan rijiya ta fito busasshiya.