Abin da ya kamata a duba kafin a sayi multimita

Wutar gida a Najeriya ƙarfinta bolt 230 ne, shi ya sa mutane da dama ke ɗauka cewa duk multimitar da aka rubuta wa 600V ta wadatar. Haɗarin yana wani wuri dabam. Idan aka yi tsawa, ko aka dawo da wuta bagatatan, ƙarfin lantarki kan yi tsalle zuwa dubban bolt cikin ƙiftawar ido, kuma na'ura marar inganci tana iya fashewa a hannun mai riƙe da ita.

Saboda haka ƙa'idar duniya ta IEC 61010 ta kasa waɗannan na'urori kashi-kashi. CAT II ta soket ce da kayan lantarkin cikin gida. CAT III ta akwatin rarraba wuta ce, CAT IV kuwa ta inda layi ke shigowa daga turke. Na'ura mai CAT III 600V an ƙera ta ne ta jure tsallen bolt 6,000, mai CAT II 600V kuma 4,000 kawai. Mai gyaran wayarin shago ko ofis bai kamata ya sauko ƙasa da CAT III ba.

Sai dai buga lamba a jikin roba ba wuya ba ne. A nemi tambarin cibiyar gwaji mai zaman kanta, kamar UL ko TÜV. Alamar CE galibi kamfanin ne ke sa wa kansa. A buɗe a duba fiyus: na tangaran mai yashi a ciki yana kashe tartsatsi, na gilashi kuwa yakan tarwatse. Wayoyin gwajin ma su kasance da lambar CAT irin ta na'urar.

Mai aiki da inbata ko janareta ya zaɓi wadda aka rubuta wa True RMS, domin sauran kan ba da awo marar daidai idan wutar ba ta da tsafta.